ƘWARYAR GUDUMMAWA A GARIN ƘARFE

Gaisuwa mai yawa zuwa ga iyayenmu dattawa da ke gida, Allah ya ƙara muku girma da lafiya. Gaisuwa kuma ga ƴan'uwa ƴan biɗa da ke Arlit, da Akokan, da Cirozerin, da Agadas, da duk inda wagga takarda ta iske ɗan garinmu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

A wagga fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi tarihin abin da ya haɗa mu ƙungiya, wato gudummawa, da irin mutanen da ke tsayawa gabanta. Dalili kuwa sananne ne. Tun da anka rufe ramin Akuta a 2021, hannuwan da ke zuba wa asusu sun ragu, masu buƙata kuma sun ƙaru. Sa'ad da kuɗi ke da yawa kowa na iya zama shugaba. In sunka yi kaɗan, sai an duba da kyau wa za a ba riƙo. Tarihin garin nan na shekara 50 da ƴan kai ya nuna irin shugaban da jama'a ke bi in ya kira taro, ya kuma nuna irin wanda take watsewa ta bar shi.

ABIN DA MUNKA TAHO DA SHI DAGA GIDA

Kafin waninmu ya san hanyar arewa, mun san gayya. Mai gona ya sanar, mata su dama fura, makaɗi ya rataya ganga, samari su jeru da hauya, kafin azahar an gama noman da zai ɗauki mutum guda kwanaki. Mun san biki, inda abin da ka kai wa ɗan'uwa ranar sunan ɗansa shi zai dawo maka, har da ƙari, ranar taka hidimar. Mun san ajo, wanda ake yi wa mai sana'a in jarinsa ya karye. Mata kuwa suna da adashinsu, da uwar adashi mai riƙon zubi.

Cikin duk waɗanga al'adu akwai mutum guda da ba mu cika ba shi girmansa ba, shi ne sanƙira. Kowa ya miƙa abin hannunsa, sanƙira zai ɗaga murya ya faɗi sunan mai bayarwa, da na ubansa, da yawan abin da ya bayar. Wasu na ɗaukar haka roƙo ne kawai da neman a san mutum. Amma ku duba amfaninsa. A zamanin da babu alƙalami a hannun talaka, kunnen jama'a shi ne littafin lissafi. Abin da anka faɗa gaban mutum 100 ba ya ɓata, don shaidu sun yi yawa. Mai gari ko sarkin samari da ya kira taro ya san shi za a fara ambata, kuma in ya yi rowa duk gari ya ji.

ABIN DA MUNKA ISKE A ABZIN

Da munka zo arewa mun iske mutanen da sunka riga mu sanin wanga aiki. Babban masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa da tsawonta ya kai mita 27, an gina shi wajen 1515, anka kuma sabunta shi a 1844. Kowa ya san ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe. Itatuwan nan da ke leƙowa daga jikin hasumiya su ne matakan magina. Shekara 500 ke nan ana hawa ana yaɓawa, ƙarƙashin kulawar fadar Sarkin Abzin, wanga ya kawo ƙasa, wancan ya kawo ruwa, wani ya ciyar da ma'aikata. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya.

Sarkin Abzin Ibrahim Oumarou ya hau gado a 1960, shekarar da Nijar ta sami mulkin kai, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 2012, ɗansa Oumarou Ibrahim Oumarou ya gaje shi. Duk abin da za mu ba da labarinsa a ƙasa, daga haƙa ramin farko har zuwa tawaye biyu, mafi yawansa cikin zamaninsa anka yi shi. Ba shi da soja, ba shi da baitulmalin gwamnati. Ƙarfinsa shi ne ana ganinsa: ranar salla, da wurin sulhu, da lokacin Bianu a farkon watan Muharram, sa'ad da samarin gabas da na yamma ke fita da tambura, su kwana a Alarses bayan gari, su dawo da safe da kiɗa da rawa su kai gaisuwa fada. Shugaban da ke halartar hidimar mutane, in ya kira tasa hidima ba ya rasa masu amsawa.

GARIN DA KAMFANI YA ZANA

An fara ganin alamar yuraniyom a Azelik a 1957, Faransawa na cikin neman jan ƙarfe. A 1968 anka kafa kamfanin Somair, a 1969 anka soma gina garin Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971 kuma ƙarfe ya fara fita. Cominak ta biyo baya a 1974, da hannun jarin Faransa, da Nijar, da Japan, da Sipaniya. Raminta na Akuta, mai zurfin kimanin mita 250 ƙarƙashin ƙasa, ya soma aiki a 1978, anka gina wa ma'aikatanta garin Akokan. Sonichar kuma ta haƙo gawayi a wajen Cirozerin don ba ramukan wuta. Cikin waɗanga shekaru ne anka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ita ce ta kawo da yawa daga cikinmu bisa manyan motoci.

Kamfani ya gina wa ma'aikacinsa gida, ya ba shi ruwa da lantarki, da likita, da kantin saye. Amma bayan kowane ma'aikaci guda akwai mutane da yawa da babu sunansu a takardar kamfani: mahauta, da teloli, da masu ga-ruwa, da ƴan tebur, da mata masu tuwo, da samarin da ke zaune suna jiran a ɗauke su. Su ne sunka kafa unguwannin da har anka sa musu suna Bukkoki, saboda irin ɗakunan da anka fara yi da tabarmi, da kwali, da tsohon kwano.

A nan ne shugabanci ya tsiro ba tare da an naɗa kowa ba. Gari ne da babu wanda anka haifi ubansa cikinsa, babu mai cewa gadon gidansu ne. Wanda ya riga zuwa, ya sami ɗan wurin zama, shi ya zama maigida. Baƙo daga gari ya sauka tasha da ƙullin kayansa, sai a ce a kai shi gidan wane. Can zai ci, can zai kwana, can za a karanta masa wasiƙa. In anka yi rasuwa, maigida ne zai zagaya da ƙwarya don likkafani da kuɗin motar iyali. Ƙarshen wata, ranar da anka biya albashi, a zaurensa ake haɗuwa a yi zubi, a aika gida don rufin masallaci, ko gyaran rijiya, ko hatsin bazara. Yawancin ƙungiyoyin ƴan gari na Arlit daga irin waɗanga zauruka sunka fito, har tamu.

FARI, DA HATSI, DA SAMARIYA

Garin na cikin tasowa babban fari ya sauka, ya tsananta a 1973 da 1974. Dabbobin Abzinawa da na Fulani sunka ƙare, makiyaya da yawa sunka matso bakin garuruwa, Bukkoki ta ƙara faɗi. Ƙasashen waje sun aiko da hatsin agaji. Amma magana ta cika ƙasa cewa hatsin bai kai ga mayunwata ba, yana ɓacewa a hannun manya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja sunka kawar da gwamnatin Diori Hamani, kuma batun hatsin agaji na cikin manyan dalilan da Seyni Kountché ya bayar. A wancan lokaci ma Diori na cikin jayayya da Faransa kan a ƙara kuɗin yuraniyom. Duk da haka talaka bai fito ya tsaya masa ba, don an riga an ɓata masa rai kan abin da ya shiga rumbu ba a faɗa masa ba. In amanar gudummawa ta iya ka da shugaban ƙasa, ina ga shugaban ƙungiyar ƙauye?

Kountché ya ɗauko tsohuwar al'adarmu ta samariya ya mai da ita ta ƙasa duka. Kowace unguwa da sarkin samarinta. Samariya ta buga tubali, ta gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani, ta share tituna, ta dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Ta kuma shirya wasanni, da kokawa, wadda anka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. A gari irin Arlit, inda Bahaushe, da Ba'abzine, da Bazabarme, da Babarbare, da Bafillace ke maƙwabtaka ba su san juna ba, aikin gayya ya sa sun san juna. Wanga alheri ne, ba mu musunsa.

Sai dai samariyar gwamnati ta bambanta da ta gida a wuri guda. A gida sarkin samari jama'a yake kallo. A ta gwamnati sau da yawa idonsa na kan hukuma, yawancin ƙarfinsa ya tafi wajen tarbar manyan baƙi, kuma zubin da ya kamata ya fito don ganin dama yakan koma kamar haraji. Shi ya sa bayan rasuwar Kountché a Nuwamba 1987 ba ta daɗe ba ta yi sanyi. Ƙungiyoyin ƴan gari kuwa, waɗanda babu mai tilasta wa kowa shiga, sunka ci gaba. Dattawa na tuna yunwar 1984, wadda anka sa wa suna El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A wagga shekara buhunan da ƴan Arlit sunka riƙa aikawa kudu sun tsare mutuncin gidaje da yawa.

DA KASUWA TA FAƊI

A ƙarshen shekarun 1970 kuɗi sun yi yawa a Arlit har ana ce mata Paris ta biyu. Wani ɗan ƙasar Benin, Idrissou Mora-Kpaï, ya ɗauki wanga laƙabi ya sa wa fim ɗinsa na 2005. A 1981 Nijar ta fitar da fiye da tan 4,000. Amma tun 1979, bayan hatsarin wata tashar nukiliya a Amurka, masu saye sun fara ja da baya, farashi ya yi ta sauka, kamfanoni sunka shiga rage ma'aikata. Tawayen farko ya tashi a 1990, bai lafa ba sai da anka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. A Janairu 1994 kuma anka karya darajar sefa da rabi. Cikin wanga ƙunci wata sabuwar damuwa ta bayyana: tsofaffin ma'aikata na ciwo suna mutuwa, iyalansu ba su gane kan ciwon ba.

ALMOUSTAPHA ALHACEN

A nan ne tarihi ya kawo mu ga mutumin da kowa ya sani a Arlit. Almoustapha Alhacen Ba'abzine ne, ma'aikacin haƙar ƙarfe tun 1978. A farkon shekarun 2000, yana cikin ma'aikatan Somair, shi da abokansa sunka kafa ƙungiyar Aghir In'man, wato garkuwar rai da harshen Tamashek. Daga baya ya shugabanci haɗakar ƙungiyoyin farar hula ta Arlit. Ku lura da abin da ya fara sawa cikin ƙwarya: abincin gidansa. Mutum na karɓar albashi a wuri, ya fito fili yana tambayar wurin abin da ba a so a tambaya, wanga ba ƙaramin zubi ba ne.

Ƙungiyar ba ta da kuɗi, ba ta da na'ura. Sai ta nemi taimakon wata ƙungiya a garin Valence ta Faransa, mai suna CRIIRAD, wadda anka kafa a 1986 bayan hatsarin Chernobyl, don ta riƙa awon tururin nukiliya da kanta ba tare da jiran gwamnati ba. Ita ma da zubin ƴaƴanta da kyautar jama'a take tsaye, kamar tamu. A Disamba 2003 mutanenta sunka zo tare da lauyoyin ƙungiyar Sherpa. An tsare wasu kayan awonsu a filin jirgin Yamai, amma sun iso Arlit. Sun ba da rahoton cewa akwai tsofaffin ƙarafa masu tururi da ake sayarwa a kasuwa, irin waɗanda mutane ke ƙera kayan gida da su, kuma wasu ruwan sha sun wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2007 anka gano duwatsun rami masu tururi a titunan Akokan. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta zo ta sake awo, ta ce a wani wurin ya ninka na ƙa'ida har kusan sau 500. Kamfanin Areva ya yi ta cewa aikinsa na bin ƙa'idojin duniya. Duk da haka an kwashe duwatsu daga tituna, an bi ana tattara ƙarafa, a 2011 kuma anka buɗe cibiyar duba lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadas.

Mene ne aikin wanga mutum in ba na sanƙira ba? Abin da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, ya nemo masu awo, ya kira taro, ya faɗa wa mata da maƙera da harshen da suke ji. Da jama'a ta saba jin gaskiya daga bakin ƙungiyoyinta, sai ta riƙa amsa kira. A Oktoba 2013 dubban mutane sunka yi jerin gwano a Arlit, daidai lokacin da gwamnati ke ciniki da Areva kan sabuwar yarjejeniya, ƙungiyoyin Yamai ma na matsawa ta nasu ɓangare. A Mayu 2014 anka sa hannu. Areva ta yarda da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu don ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa, ta kuma yi alkawarin yuro miliyan 90 don hanyar Tawa zuwa Arlit. A 2017, a birnin Basel na Suwizalan, anka ba Almoustapha Alhacen lambar yabo ta duniya ta masu fafutukar kare jama'a daga illar nukiliya.

Mun kawo shi nan ne don a ga yadda mutumin da ba shi da rawani, ba shi da ofishin gwamnati, ya kira taro anka zo. Ba mu ce kowa ya yarda da duk abin da ya faɗa ba.

BAYAN RUFE AKUTA

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta tsaya, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000. Ma'aikata kimanin 600 sunka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. An bar tsibin dusar ƙarfe kimanin tan miliyan 20 a bayan gari, wanda anka yi alkawarin rufewa da laka da duwatsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, ita kanta gwamnati ta koma ga ƙwarya, ta kafa asusun taimakon ƙasa a Oktoba 2023. A Yuni 2024 ta karɓe izinin haƙa na Imuraren daga Orano, wato sabon sunan Areva tun 2018, a Yuni 2025 kuma ta mai da Somair ta ƙasa. Garin da ƙidayar 2012 ta ba kusan mutum 80,000 ya shiga wani sabon zamani, Allah kaɗai ya san yadda zai kasance.

Abin da munka sani shi ne kamfani na iya rufewa, gwamnati na iya canzawa, amma rasuwa da suna da ciwo ba su tsayawa. Wasu ƴan'uwanmu sun koma gida hannu wofi bayan shekara 30 cikin rami. Wasu sun tafi haƙar zinariya Jado da Cibarakaten, sun bar mata da yara a ɗakin haya. Waɗanga su ne ke jiran asusunmu.

Saboda haka, in lokacin zaɓen shugabanni ya zo, muna roƙon ƴan'uwa su auna mutum da abin da tarihi ya auna na baya. A duba wanda ake gani a jana'izar talaka kamar yadda ake ganinsa a walimar mai kuɗi. A duba wanda sunansa ke farkon takardar zubi, ko da abin da ya bayar jaka guda ce. Kada shugaba ya zama shi ne ma'aji, kada kuma ma'aji ya fito daga gida ɗaya da shi. Kowane taro, kafin a yi fatiha, magatakarda ya miƙe ya karanta da Hausa abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage, yadda tsohon da bai shiga boko ba zai ji. A aika da wanga lissafi gida, a karanta shi ƙofar masallaci ranar Juma'a. Wanda ya tambayi inda kuɗi sunka tafi kada a ce masa mai neman fitina, haƙƙinsa ya nema. In maƙwabtanmu Abzinawa ko Zabarmawa sunka kira tasu gudummawa mu je, don rijiya ɗaya muke sha, iska ɗaya ke kaɗo mana ƙura.

Iyayenmu dattawa, ku ne kunka ga farkon abin, ku kunka kwana cikin bukka kafin a yi gini. Ku gaya wa yara sunayen waɗanda sunka sauke ku, don a riƙa yi musu addu'a. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ko hannuwa sun yi yawa sai da mai cewa a ɗaga.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa mu da shugabanni masu riƙon amana. Amin. Wassalam.